Wa zai faɗa wa manhaja abin da "kowa ya sani"?

A shekarar 2018 kamfanin Lidl, ɗaya daga cikin manyan kantunan kayan masarufi na ƙasar Jamus, ya tsayar da wani aiki da ya shafe shekara bakwai yana fama da shi. Tun 2011 ya ɗauko manhajar kamfanin SAP domin ta gaji tsohuwar manhajarsa ta gida, wadda yake lissafin shigar kaya da fitarsu da ita a dubban shagunansa. Har an fara aiki da sabuwar a wasu ƙasashe, ciki har da Ostiriya da Amurka, sai shugabannin kamfanin suka ce a tattara a koma wa tsohuwar. Jaridun Jamus sun ƙiyasta abin da aikin ya ci da kusan yuro miliyan 500.

An ambaci dalilai da yawa, har da yawan canjin shugabanni a tsakiyar aikin. Amma akwai guda ɗaya da jaridar Handelsblatt ta fito da shi, wanda duk ɗan kasuwa zai gane shi nan take. Lidl ya saba ƙiyasta darajar kayan da ke sitonsa da farashin da ya saro su. Ita kuwa manhajar, a yadda aka gina ta don masu kantuna, da farashin sayarwa take lissafi. Lidl ya ƙi sauya al'adarsa, sai aka shiga lanƙwasa manhajar don ta bi shi. Gyara ya haifi gyara, kuɗi suka yi ta tafiya, aikin ya yi nauyin da ba a iya ɗauka ba.

Kamfanonin nan biyu jiha ɗaya suke a kudancin Jamus, Baden-Württemberg: Lidl a Neckarsulm, SAP a Walldorf. Harshensu ɗaya, ƙwararru kuma ba su rasa ba. Duk da haka kalmomi biyu, "darajar kaya", kowa da abin da yake nufi da su. Wannan shi ne ainihin matsalar da masu harkar manhaja ke ƙoƙarin magancewa da abin da suke kira fayyace buƙatun aiki, wato a zauna kafin a rubuta manhaja ko a saye ta, a rubuta dalla-dalla abin da ake son ta riƙa yi.

Mu ɗauko lissafin kusa da mu. A ce ɗan kasuwa yana da buhun sukari 100 a sito, ya saro kowanne a kan naira 70,000, yana sayarwa 75,000. Idan ya tambayi manhajarsa nawa ne kayan da ke sito, miliyan 7 za ta ce masa ko miliyan 7.5? To a ce rabin buhunan ya saro su kafin farashi ya tashi, rabi kuma bayan ya tashi. Da aka sayar da buhu goma yau, daga wane rabin aka cire? Amsar ita za ta nuna ribar yau. Ga kuma ma'ana ta uku: in shekara ta zagayo zai fitar da zakka, malaman Malikiyya sun ce ɗan kasuwa mai juya kaya da farashin kasuwa na lokacin zai ƙiyasta hajarsa. Mutum ɗaya, sito ɗaya, lissafi uku, kuma kowanne daidai ne a muhallinsa. Akawun da ya daɗe a shagon ya san wanda maigida ke nufi daga yanayin tambayar. Manhaja ba ta da wannan basirar. Abin da aka rubuta mata shi za ta yi, ko da sau dubu ne a rana, ko da kuskure ne.

Masana sun kasa buƙatun manhaja gida biyu. Na farko buƙatun aiki, su ne ayyukan da za ta yi: in kaza ya faru ta yi kaza, ta karɓi wannan bayani ta fitar da wancan, ta bar wane ya yi abu ta hana wane. Na biyu buƙatun inganci, su ne yadda za ta yi aikin: saurinta, tsaronta, mutum nawa za su iya amfani da ita a lokaci guda. Rabon yana da amfani, sai dai kada a ɗauka katanga ce. Ɗaukewar intanet, alal misali, a littafi batun inganci ne. A kasuwanninmu kuwa, inda sabis ke ɗaukewa ba sallama, tambaya ce ta aiki tsantsa. In babu sabis, kashiya ta ci gaba da yanke rasit ko ta jira? In ta ci gaba, kuma reshe biyu suka sayar da katan ɗin ƙarshe a lokaci guda, da sabis ya dawo wa manhaja za ta ba gaskiya?

Babbar wahalar aikin ita ce wanda ya fi kowa sanin kasuwancin shi ne ya fi kowa kasa bayyana shi. Ba ɓoyewa yake yi ba. Abin da mutum ya yi shekara ashirin yana yi ya daina ganinsa, kamar yadda ba ka ganin ƙofar gidanku in za ka shiga. Zaman farko tsakanin mai tattara buƙatu da mai shago yakan kasance kamar haka:

"Alhaji, yaya kuke sayar da kaya?"

"Ai ba wani abu ba ne, injiniya. Mutum ya zo, ya biya, a ba shi rasit, ya je sito ya ɗauki kayansa."

"Kowa sai ya biya kafin ya ɗauka, ranka ya daɗe?"

"Kowa da kowa. Sai fa mutanenmu na ƙauye, su sukan ɗauka sai kasuwa ta ci su kawo."

"In ba su kawo duka ba fa?"

"A rubuta saura. Amma in ya yi yawa yaran sun san ba za su ƙara musu ba sai sun kira ni."

"Nawa ne ya yi yawa, Alhaji?"

"Ya danganta da mutum."

A cikin "sai fa" da "ya danganta" ɗin nan aikin yake. Hanyar da ciniki ke bi kullum, biya a ba ka rasit, kowace manhajar kanti ta iya ta tun daga masana'anta. Abin da ke raba manhajar da za ta zauna da wadda za a watsar bayan wata uku shi ne waɗannan keɓantattun al'amura. Wanda ya ba da kafin alƙalami ya bar kayansa a sito, farashi ya tashi kafin ya dawo. Wanda ya biya rabi tsaba rabi tiransifa, alat ɗin bai shigo ba sai washegari. Dillalin da ake cire wa la'ada, wani a kan kowane katan, wani a kan jimillar ciniki. Katan da aka fasa aka sayar dozin-dozin, sauran kuma ɗai-ɗai. Kayan da aka dawo da su bayan an rufe lissafin wata. Ragin da manaja ke da ikon yi amma yaron shago ba shi da shi. Kayan da ake ɗora wa harajin VAT da waɗanda doka ta yafe musu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da maigida zai faɗa a zaman farko, domin a wurinsa ai kowa ya sani.

Shi ya sa tambaya kaɗai ba ta isa ba. Mai tattara buƙatu na kirki yakan nemi kujera ya zauna a shagon, ya kwana biyu yana kallo. Yakan ɗauki rasit guda ya bi shi tun daga hannun kashiya har sito, har teburin akawu, ya ga hannu nawa ya ratsa da abin da kowa ya ƙara a kai. Yakan nemi a nuna masa littafin bashi, musamman rubutun da ake yi a gefen shafi da jan biro, domin nan ne dokokin da ba a faɗa suke. Kuma yakan zauna da mai kula da sito shi kaɗai, ba a gaban maigida ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a harkar kasuwanci masu ɗakin suna da yawa. Maigida ya san rahoton da yake son gani da daddare. Kashiyar da ke karɓar kuɗi ita ta san cewa in layi ya yi tsawo, duk maɓallin da aka ƙara mata sai ta nemo hanyar tsallake shi.

Bayan an ji an gani, sai rubutu, kuma nan ma akwai tarko. Jimla irin "manhaja ta sauƙaƙa kula da bashi" fata ce kawai. Babu yadda za a yi a gwada ta, kuma ranar da rigima ta tashi mai manhaja zai ce ya sauƙaƙa, mai shago ya ce bai gani ba. Buƙata mai kyau ga kamanninta: "Kowane abokin ciniki yana da iyakar bashin da manaja ya yanke masa. Idan sabon ciniki zai sa bashinsa ya wuce iyakar, manhaja ta hana kashiya fitar da rasit, sai manaja ya sa lambarsa ta sirri. Manhaja ta adana sunan wanda ya ba da izinin, da ranar, da lokacin." A nan an san wanda ke aikin, an san sharaɗin, an san abin da zai biyo baya. Baƙon da bai taɓa shiga shagon ba zai iya zama ya gwada, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ni a wurina wannan shi ne ma'aunin: duk buƙatar da ba za a iya amsa ta da "ta yi" ko "ba ta yi ba", ba a gama rubuta ta ba.

Akwai wani abu da rubutun ke jawowa wanda mutane ba su cika shirya masa ba. "Ya danganta da mutum" ɗin Alhaji ya koma lamba a gaban sunan kowane mutum. Yanzu dole ya zauna ya yanke, wane naira dubu 500, wane miliyan 2, abin da a da yake riƙe da shi a zuci, yana sassautawa ko tsanantawa yadda ya ga hali. Wani maigidan zai ji daɗin haka, wani zai ji kamar an ɗaure masa hannu a dukiyarsa. Dukansu suna da hujja. Abin da bai dace ba shi ne a bar wa mai rubuta manhaja ya yanke wannan hukunci a ɗakinsa, domin in ba a faɗa masa ba, ba tsayawa zai yi ba. Zai zaɓi abin da ya fi masa sauƙi ya wuce, mai shago kuma ba zai sani ba sai ranar da aka hana babban abokin cinikinsa kaya a gaban jama'a.

Wanda yake ganin keɓantattun al'amura ƙananan abubuwa ne, ya dubi Kanada. A watan Fabrairun 2016 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da Phoenix, manhajar biyan albashin ma'aikatanta kusan 300,000, wadda kamfanin IBM ya gina a kan wata manhajar da aka sayo mai suna PeopleSoft. Dokokin albashin ma'aikatan sun haura 80,000, sun fito ne daga yarjejeniyoyi sama da 100 da aka ƙulla da ƙungiyoyin ƙwadago. Da aka ga kuɗin da aka ware ba za su isa a gina komai ba, jami'an da ke kula da aikin suka cire wasu ayyukan, suka ɗage wasu, suka kuma rage gwaji. Cikin abin da aka ɗage har da biyan ma'aikacin da ya riƙe muƙamin na gaba da shi na ɗan lokaci, takardarsa ta iso daga baya. A takarda wannan keɓantaccen abu ne. A ofisoshin gwamnati kuwa kullum sai ya faru. Dubban ma'aikata aka biya ƙasa da haƙƙinsu, wasu aka biya su fiye, wasu suka yi watanni ba albashi. Babban mai binciken kuɗi na ƙasar, Michael Ferguson, a rahotonsa na 2018 ya kira aikin gazawar da hankali ba zai ɗauka ba. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne an san buƙatun, an rubuta su. Wajen zaɓen abin da za a bari ne aka yi ɓarnar, domin waɗanda suka zaɓa kasafin kuɗi da ranar ƙaddamarwa suke kallo, ba mutumin da ke jiran albashi ya biya haya ba.

Rage buƙatu ba laifi ba ne. Babu aikin da kuɗinsa ke isa a yi duk abin da kowa ke so, don haka dole a jera su: wanda in babu shi ba za a buɗe shago ba, wanda ake so amma za a iya jira, da wanda kwalliya ce. Sai dai wanda zai ce wannan na iya jira, ya zama ya san sau nawa abin ke faruwa a mako, ya kuma faɗi yadda za a riƙa yin sa da hannu kafin lokacin, da wanda zai yi.

Mu a Najeriya mun ga irin wannan da idonmu. An fara IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya na bai ɗaya, a 2007, kuma babbar manufarsa toshe kafar ma'aikatan bogi. Manufa ce mai kyau. Da gwamnatin Muhammadu Buhari ta matsa a 2019 cewa kowa ya shiga, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ƙi. Cikin hujjojinta akwai 'yancin jami'a, wanda batu ne na doka da siyasa, amma akwai kuma zallar buƙatun aiki. An gina tsarin ne da siffar ma'aikacin ma'aikata, mai wurin aiki ɗaya, mai ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki. Jami'a kuwa tana da farfesan da ke kaiwa shekara 70, da malamin da ke tafiya hutun nazari na shekara guda ya koyar a wata jami'ar, da malamin ziyara, da na kwantiragi, da alawus ɗin da ya danganta da yawan aikin da mutum ya yi. Manhajar da aka koya wa cewa ganin sunan mutum ɗaya a wuri biyu alamar zamba ce, me za ta yi da malamin ziyara? ASUU ta fito da nata tsarin, UTAS, kuma batun ya shiga cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022, wanda ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas. A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Ba na cewa takardar buƙatu ce kaɗai za ta kashe wannan rigima, domin akwai rashin yarda mai tsawon tarihi a ƙarƙashinta. Amma buƙatar akanta janar ta ganin kowane suna sau ɗaya, da buƙatar jami'a ta aron malami, duka halal ne, kuma irin saɓanin da ake so a gano ke nan tun a teburin tsarawa. Ɗalibai ne suka biya kuɗin gano shi a makare.

Mu koma ga Lidl, domin akwai tambayar da labarinsa ya bari a buɗe. In al'adar kamfani ta ci karo da ginin manhajar da aka sayo, wa zai sauya? Masu sayar da manyan manhajoji kusan kullum cewa suke kamfani ya bi manhaja, don an gina ta ne a kan abin da dubban kamfanoni suka gwada. Akwai gaskiya a ciki, kuma duk gyaran da aka yi wa manhajar da aka sayo sai an sake biyan kuɗinsa a duk lokacin da aka sabunta ta. Amma ba kowace al'ada ce tarkace ba. Wata al'adar ita ce sirrin cin kasuwar. Ɗan kasuwar da mutanen ƙauye ke tsallake shaguna goma su zo wurinsa saboda yana ɗaga musu ƙafa, in manhaja ta tilasta masa "biya kafin ka ɗauka", ta gyara masa lissafi ta kore masa jama'a. Wata al'adar kuma ba ta da wani dalili sai cewa haka aka tarar. Fayyace buƙatu shi ne lokacin da ake ɗaukar al'adun nan ɗaya bayan ɗaya a tambaya: wannan don me muke yin ta, in mun bar ta me za mu rasa? Tun ran gini tun ran zane. Tambayar da za a iya amsawa a zama biyu kafin a sa hannu a kwantiragi, in aka bar ta sai an yi nisa, ita ce ke cin shekaru da miliyoyi.

Kada kuma a ɗauka kaurin takarda shi ne inganci. Hukumar FBI ta Amurka ta yi takardar buƙatu mai shafi kusan 800 don manhajar adana bayanan bincike, aka kashe dala miliyan 170, a 2005 aka watsar da aikin ba a yi amfani da shi ba. Wani ɓangare na matsalar shi ne takardar ta shagala da yadda shafuka za su kasance a ido maimakon aikin da jami'i ke son yi, kuma buƙatun suka yi ta sauyawa. Irin wannan ne ya sa a 2001 wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a jihar Utah ta Amurka suka fitar da sanarwar da ta yaɗa salon gina manhaja kaɗan-kaɗan, ana nuna wa mai ita duk bayan 'yan makonni yana gyarawa. Salon ya dace da gaskiyar ɗan Adam, domin mutum bai cika sanin abin da yake so ba sai ya ga abin da ba ya so. Sai dai na ga yadda wasu ke fakewa da shi su ƙi rubuta komai, su ce a fara kawai a gani. Launin allo da jerin maɓallai za a iya sauya su kowane mako. Ma'anar "darajar kaya", ko shin katan da dozin da ƙwaya abu ɗaya ne mai awo uku ko abubuwa uku ne daban, waɗannan harsashi ne. A kansu ake gina rumbun bayanai, kuma tone su daga baya kamar tone tushen gida ne bayan an yi rufi.

Ga matsakaicin kasuwanci, shafuka kaɗan sun isa, in dai sun ƙunshi ma'anar kalmomin gidan, da waɗanda za su taɓa manhajar da iyakar ikon kowa, da buƙatun a jere kowacce da lambarta, da abin da aka amince ba za a yi ba a wannan zagayen. A rubuta da harshen da maigida da akawu da mai sito za su karanta su ce "haka ne" ko "a'a, ba haka muke yi ba". In Hausa suka fi ganewa, a rubuta da Hausa, mai manhaja ya fassara wa kansa. Sa hannun maigida a kan takardar da bai fahimta ba ba ya kare kowa.

Ranar karɓar aiki kuma, kafin a biya cikon kuɗi, a ɗauko rasitan watan da ya wuce, a tsamo masu rubutun jan biro a gefe: na wanda ya biya rabi, na kayan da aka dawo da su, na katan ɗin da aka fasa, na dillalin da aka cire wa la'ada. A zaunar da kashiya da mai sito, ba mai manhajar ba, su shigar da su da hannunsu. Sannan a buga lissafin ƙarshen wata, a ajiye shi kusa da littafin akawu, a bi layi-layi.